Yadda Muka Ɓoye wa Malam Mudassir Kuturtar Gero

Duk wanda ya zauna Ƙofar Durɓi ya san Malam Mudassir malamin gona, siririn nan mai tsohon babur da jakar fata a kafaɗa. Shekara ashirin da biyu aikinsa guda, zaga gonakin bayan gari da damina yana neman cuta a jikin gero da dawa. Sai ya duƙa ya juya ganye, ya yi taku goma, ya sake duƙawa. In ya ga abin da bai kwanta masa ba ya tsinka, ya sa a ambulan, ya rubuta rana da sunan mai gona, ya aika wa masu bincike. Ko a bakin kwata gero ya tsiro, bawan Allahn nan ba zai wuce bai leƙa shi ba.

Ni Mamman tela ne a Ƙofar Guga, ina da 'yar gonar gado a hanyar Kaita, nan muka saba. Lokacin kuturta ta addabe mu, cutar nan da ke sa zangarniya ta fito da ganye a madadin tsaba. Shi ya kawo mana sabon iri da cutar ba ta kamawa. Kai, mun ga gero! Sunan Turancinsa ya fi ƙarfin bakinmu, muka raɗa masa Ɗan Mudassir. Ranar da ya fara ji ya sunkuyar da kai kamar sabon ango, amma kowa ya ga daɗin da ya ji.

Kuma ya faɗa mana, ba sau ɗaya ba: "Cuta ma wayo gare ta, wata rana sai ta gano lagon irin nan. Ko kai guda kuka gani, ku nuna mini, a nemo wani tun da wuri."

Sai dai yana da wata ɗabi'a, ba ya shiga gonar mutum sai ya yi waya tun ana gobe. Wai rashin ladabi ne.

A damina ta shida da fara shuka irin na ga kuturu bakwai, wato kan gero mai cutar, a gonata, ga Malam zai zo washegari. Na je wurin Sule maƙwabcin gonata, ashe shi ma ya gani. Ya ce, "Haba Mamman, mutumin da ya fid da mu yunwa, a nuna mashi irin da ke da sunanshi ya lalace? Da wane ido?" Muka tumɓuke su muka binne. Malam ya zo, aka gaisa, ya gajiya, ya iyali, ya ruwa, ya sha fura, ya zaga, ya rubuta babu cuta. Har muna yabon kanmu, wai mun san girman mutum. Sakarcin banza!

Daminar da ta biyo muka maimaita, wannan karon mu kusan goma sha biyar, kowa da daminsa. Ta uku abin ya fi ƙarfin hannu. Ina cikin tumɓuka da safe sai ga shi a kaina, ashe ya rikita ranaku ya zo da wuri. Na rungumo kutare har haɓa. Wallahi na so ƙasa ta tsage.

Bai ko yi sallama ba, shi da ba ya mantawa. Ya ce, "Mamman, tun yaushe?"

Na ce, "Bana uku."

Ya zauna a kan kunyar gero. Sannan ya zari guda daga hannuna ya sa a ambulan. Ya rubuta rana da sunana.

Shekarar rabin geronmu ya tafi. Abin da ya fi muni, saboda rahotonsa mai cewa lafiya lau an riga an raba irin a wasu garuruwa, su ma cutar ta cinye su. Aka turo manya daga ofishinsu, aka tara mu a ƙarƙashin dalbejiya. Babbansu ya ɗaga takardun shekara uku, ya ce cuta ba ta faɗowa rana ɗaya, ko dai malamin gona bai taka gonakin ba, ko manoma sun ɓoye masa. In manoma ne, za a cire yankinmu daga rabon sabon iri.

Malam Mudassir ya miƙe. Ya ce, "Ranka ya daɗe, mutanen nan ba su ɓoye mini komai ba. Ni ne ban duba da kyau ba."

Mutumin da ke duba ganye ɗaya-ɗaya! Aka ɗauke shi daga gona aka mai da shi ɗakin ajiyar taki, can ya ƙarasa shekara biyun da suka rage masa a aiki. Mu kuwa muka samu sabon iri.

Ina sahun gaba ranar, bai fi taku uku tsakanina da shi ba. Na ji kowace kalma, na kafa wa takalmina ido har aka tashi.