Layi Na Arba'in Da Bakwai

Kaka, akwai maganar da ban taɓa faɗa wa kowa ba, kuma da ita zan fara tun ƙarfin halina bai ƙare ba. Ni ce na sauya lambar da ke cikin na'urarka. Da yatsuna na goge casa'in da biyu na rubuta tamanin da huɗu, kana zaune a gefena kana kallo. Shi ya sa fitilar ba ta taɓa yin ja ba har ka bar duniya.

Allah Ya karɓi abinSa ranar Talata, sha huɗu ga watan Mayu, da hantsi. Ina cikin aji malamarmu ta leƙo ta kira ni da wata murya mai laushi da ban san ta da ita ba. Ko da na iso gida an lulluɓe ka da mayafi a kan doguwar kujerar ɗakin aikinka, tabaranka na kan tebur, ƙarfen da kake narka dalma da shi bai gama hucewa ba. Dukkanmu na Allah ne, kuma hanyar da ka bi ita ke jiran kowa. Na san haka, na kuma amsa gaisuwar mutane da haka. Yau kwana ashirin ke nan. Kawu, yayan Mama, ya ce kowane jika ya rubuta ta'aziyya a haɗa su cikin ɗan littafi. Na rubuta ta farko, mai daɗin karantawa, na yaga ta. Wannan ce ta biyu.

Shekara talatin da biyu ka yi kana karanta mitar ruwa gida gida, da ɗan littafinka da fensir a bayan kunne. Babu wanda ya zauna da kai awa guda bai ji wannan maganar ba: "Hannun nan nawa bai taɓa ƙara wa lamba ko rage mata ba." Kana faɗa kana ɗaga shi sama kamar mai rantsuwa, mu kuma jikoki muna kwaikwayonka a bayan ƙofa.

Da ka yi ritaya kowa ya zaci za ka shimfiɗa tabarma a inuwa ka rungumi rediyo. Sai ga ka da tsohuwar kwamfutar Kawu da wani kwali cike da wayoyi masu launi da 'yan alluna kore waɗanda ba su kai tafin hannu ba. Mama ta ce, "Baba, a shekarunka?" Ka ce, "A shekaruna ne na samu lokaci." Mako uku ka yi kana fama kafin ɗan kwan fitila ɗaya ya yarda ya riƙa ƙiftawa. Ranar da ya ƙifta ka tara gidan kaf, har da mai wanki da ya kawo kaya, muka tsaya muna kallon abin da bai kai ƙwayar wake ba yana kunnawa yana mutuwa. Kowa ya yi dariya ya koma harkarsa. Ni kaɗai na tsaya, domin na ga idonka ya kawo ruwa.

Daga ranar na zama Injiniya a bakinka. Ka san ni, ko baƙo ne ya yi sallama sai na gudu ɗaki, a makaranta kuwa sai malami ya tambaye ni sau uku kafin a ji muryata. A ɗakinka ne kaɗai nake magana har ka ce in bar ka ka yi tunani. Ka koya mini riƙe ƙarfen dalma ba tare da hannuna ya yi rawa ba. Ka koya mini rubuta wa na'ura umarni layi bayan layi. Idanuna sun fi naka gani, haƙurinka ya fi nawa tsawo, sai aikin ya tafi daidai. Doka ɗaya ka kafa, wadda ka ɗauko daga aikin mita: duk wanda ya sauya wani layi a cikin manhaja, sai ya rubuta kwanan wata da dalili a gefensa. Ko waƙafi na gyara sai ka ce, "Ina dalili?"

Alherinka ya fita waje tun kafin ka ƙware. Tsohon telan nan na ƙarshen layinmu da kunnensa ya mutu, ka haɗa masa ƙararrawar ƙofa mai walƙiya, ya daina rasa masu kawo ɗinki. Maƙwabciyarmu mai takaba da tankinta ke ambaliya kullum, ka sa mata abin da ke kashe famfo idan ruwa ya cika. Ba duka ne suka yi kyau ba. Na'urar ban-ruwan shukokin Mama ta tashi aiki ba wanda ya sa ta, ta jiƙa mata shanya har da katifar da aka fitar shan rana. Mama tana faɗa kana rubutu a littafinka, ka ɗago ka ce mata, "Ki yi haƙuri, ilimi ne ya zuba." Duk wanda ya kawo maka mataccen rediyo ko fitila, sai ya tafi da abinsa yana aiki, ya kuma tafi da dogon bayanin da bai nema ba.

A durowar ƙasa ta teburinka, ƙarƙashin batura, nake ɓoye littattafan soyayyar da Mama ta hana ni karantawa sai an yi hutu. Na ɗauka ba ka sani ba, sai ranar da na tarar ka sa mini guntuwar jar waya a shafin da na tsaya. Tun daga nan kullum sai ka tambaye ni, "Yau gogan naku ya dawo, ko har yanzu tana kuka a bakin taga?" Wata rana na ba ka labarin wani littafi da jarumin ya ɓoye wa masoyiyarsa ciwon da ke cinsa, don kada ta sha wahalar jinya. Na ce maka ban taɓa ganin so irin wannan ba, na ce na yi kuka har filona ya jiƙe. Ka ci gaba da goge bakin ƙarfen dalma, can ka ce, "Ashe." Wannan kalma ɗaya tana bina duk inda na shiga. Ban sani ba ko ni na ba ka shawarar ban sani ba.

Bara numfashinka ya fara gajarta. Likita ya ce a riƙa auna iskar da ke cikin jininka kowace safiya, in ta yi ƙasa da casa'in da biyu a kawo ka asibiti ba tare da jira ba. Kai kuwa ka tsani asibiti tun da Inna, matarka, ta yi wata biyu a gadonsa ba ta dawo gida ba. Mama ta so sayen abin awon a kantin magani, ka ce kana da rai ba za a sayo abin da za ka iya haɗawa ba. Muka yi wata guda a kansa: ɗan maƙali da ake sa wa yatsa, akwatin roba, fitila kore da fitila ja. In ta yi ja, saƙo zai tafi wayar Mama nan take. Muka kai wa likita, ya gwada ta da tasa, ya ce ba ta da aibu, har ya tambaye ka ko kana ɗaukar ɗalibai. Tun daga nan Mama ba ta fita ofis sai ta leƙo ta ga kore.

Ran uku ga Afrilu, da la'asar, na dawo daga makaranta ka ce, "Injiniya, zo. Abin nan ya fara yi mini ƙarya. Dalma ta sa fatar yatsana ta yi kanta, ba ya karantawa daidai. Zai tayar wa uwarki da hankali a banza." Na ce ko mu koma wa likita ya sake gwadawa. Ka ce, "A kan layi ɗaya? Buɗe layi na arba'in da bakwai." Na buɗe. Ka faɗi lambar, na rubuta. Na sa kwanan wata, na sa dalili kamar yadda ka koya mini: na'ura tana karanta ƙasa da gaskiya a yatsan Kaka. Ka dafa kaina ka ce aiki ya yi kyau. Na ji daɗi, Kaka. Har na yi murmushi a hanyar ɗaki don an damƙa mini gyara mai muhimmanci.

Kwana arba'in da ɗaya fitilar tana kore. Na ga ka daina hawa matakala, na ga kana hutawa tsakanin ɗaki da banɗaki, na ga leɓɓanka sun sauya launi. Mama ma ta gani, amma duk sanda ta yi magana sai ka miƙa yatsa cikin maƙalin ka ce, "Tambayi na'ura." Ni kuma na yarda da na'ura domin ni da kai muka haɗa ta, kuma ban taɓa jin ƙarya a bakinka ba.

Shekaranjiya Kawu ya ce a kwashe tarkacen ɗakinka. Haka ya kira su. Na shiga in adana abin da ke cikin kwamfutar kafin a ɗauke ta, hannuna ya kai ni layin nan ban shirya ba. A ƙarƙashin dalilina na tarar da wani, na ran biyar ga Afrilu, da irin rubutunka mai manta babban baƙi: "na'ura lafiyarta lau. na gwada da ta kantin magani, lamba ɗaya suka ba ni. ba na son gadon asibiti. injiniya ba ta sani ba, kada a ga laifinta."

Na karanta ya fi sau ashirin. Ko dokarka ba ka iya karyawa ba, sai da ka rubuta dalili. To tunda yatsunka sun iya buga waɗannan kalmomi duka, me ya hana su buga lamba biyu? Na juya tambayar ta kowace fuska, amsa ɗaya nake samu. Hannunka na shekara talatin da biyu ka so ka tafi da shi da tsabtarsa, sai ka ari nawa. Ka duba gidan nan kaf ka zaɓi wadda ba za ta yi maka musu ba, wadda ta fi kowa yarda da kai. Shekarata sha shida, Kaka. Da hannun nan zan ci abinci, da shi zan rubuta jarrabawa, wata rana da shi zan ɗauki ɗana. Ka rubuta kada a ga laifina, amma ba ka faɗa mini yadda zan daina ganinsa ni da kaina ba.

Na san kwana idan ya ƙare babu asibitin da zai ƙara shi. Ban ce da mun kai ka da kana nan ba, wannan sanin na Allah ne. Da ka zaunar da mu ka ce ka gaji, ka fi son ka ƙarasa a ɗakinka cikin wayoyinka, da an yi kuka, da an yi rigima, wataƙila da Mama ta fi ƙarfinka. Amma da mun san kwanakin nan na bankwana ne. Da ban ɓata su ina karanta labarin mutanen da babu su ba, kana nan gefena kana neman numfashi. Littattafan suna nan a durowa, ban sake taɓa su ba. Babu ko ɗaya a cikinsu da ya faɗi abin da ake bari a wuyan wanda aka ɓoye wa.

Ba ni kaɗai ka bar wa kaya ba. Ran da aka yi kwana uku da rasuwarka na ji Kawu a falo yana ce wa Mama, "Ke da iliminki, kika ɗora ran mahaifinmu a kan kayan wasan yara." Tun ranar Mama ba ta cin abincin kirki, kuma sau biyu na same ta tsaye a ƙofar ɗakinka tana kallon akwatin robar nan. Tana ganin sakacinta ne. Kawu yana ganin aikinka ne bai da inganci. Dukansu sun yi kuskure, kuma ni kaɗai na sani. In na yi shiru, Mama za ta ɗauki abin da ba nata ba har ƙarshen ranta. In na faɗa, za ta san mahaifinta ya dube ta kwana arba'in da ɗaya yana nuna mata fitila, za ta kuma san hannun wa ya yi aikin. Ban san da wane ido za ta dube ni ba bayan haka.

Duk da haka ina yi maka addu'a, kuma da zuciya ɗaya nake yi. Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka abin da muka sani da wanda ba mu sani ba. Ya yalwata maka kabarinka, Ya haskaka shi, Ya ba ka numfashin da babu wahala a cikinsa. Ya sa alherin da ka yi wa tela da maƙwabciya da duk wanda ka gyara wa abu ya tarar da kai. Ya haɗa ka da Inna a gidan rahama. Tawa yafiyar tana tafe, Kaka. Ba ta iso ba tukuna, kuma ba zan rubuta cewa ta iso ba alhali ba ta iso ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Mama da Kawu, da Gwaggo ƙanwarka, da 'yan'uwana jikoki, da abokan aikinka na dā da suka zo da sandunansu, da maƙwabta. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka, Ya kyautata namu ƙarshen.

Ɗazu na mayar da layi na arba'in da bakwai yadda yake, casa'in da biyu. Na sa kwanan wata. A wurin dalili na rubuta: domin ita ce gaskiya. Naka rubutun ban goge ba.

Wannan takarda ba za ta shiga littafin Kawu ba sai in Mama ta ce a sa. Ga ta can ta dawo daga ofis, ina jin ƙarar makullinta a kan tebur. Na bar kwamfutar a buɗe a daidai layin. Zan ninke takardar, in je in durƙusa a gabanta, in sa mata ita a hannu, kuma ba zan gudu ɗaki ba sai ta gama karantawa.