Baba Abednego, Mai Renon Itatuwan Orozo

Kullum kafin ƙarfe bakwai Baba Abednego ya riga ya jingine kekensa a jikin shingen gidan renon itatuwa na Orozo. Ba ya fara ban ruwa sai ya zaga layi-layi, yana tsoma yatsa cikin ledojin dashe don ya ji wanne ke da ƙishi, wanne ruwa ya yi wa yawa. Daga nan ya ɗauki bokitai biyu ya gangara rafi. Shekara goma sha tara ke nan yana haka. A ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, don gwiwoyinsa sun daina yarda da gangaren.

Gidan renon na wata gidauniyar kare muhalli ne mai hedikwata a Turai, wadda ke da ayyuka a ƙasashe da dama. Ni ne jami'inta mai kula da aikin Orozo, ina zaune a ofishinmu na Garki. Na daɗe ina ɗage rubuta wannan jinjina, saboda ba yadda zan yabi Baba da gaskiya ban tona abin da na yi masa ba.

Akwai kwazazzabo a gefen garin da ke cin ƙasa duk damina. A 2016 ya zo dab da gidajen mutane, har katangar wata mai sayar da kayan miya, Hansatu, ta fara tsagewa. Gidauniya ta amince a dasa itatuwa a bakinsa, kuma aka ce shugabar shirye-shirye, Madam Alice, za ta zo daga Turai a watan Maris ta gani da idonta. Idan aikin bai gamsar ba, za a rufe shi a mayar da hankali wata ƙasa.

Na sayo dashen itacen turare mota biyu, don yana saurin tsayi, yana kyau a hoto. Baba ya dube su ya girgiza kai.

"Oga Hafizu, ruwa bai sauka ba," ya ce da irin Hausarsa. "Ƙasan nan yana da zafi yanzu. Kuma wannan itace ba ya riƙe bakin rami. A jira damina, a sa jema da gora, a bi da ɗorawa a baya."

"Baba, baƙi ba za su jira damina ba," na ce. "Ka yi abin da aka sa ka."

Ya yi. Kwana tara yana haƙa busasshiyar ƙasa tare da leburori.

Ranar ziyara na sa aka kafa rumfa, aka jera kujeru. Na ce wa Baba ya koma can baya, saboda rigarsa duk laka. Madam Alice ta hango shi, ta tambaye ni da Turanci ko wane ne. Na ce lebura ne kawai, ban ruwa yake yi mana. Yana tsaye bai fi taku biyar da mu ba, kuma na san ya yi makarantar mishan, yana jin Turanci sarai. Ya sunkuyar da kai, ya ɗauki bokitinsa ya tafi rafi.

Madam Alice ta koma ba a rufe aikin ba, amma kafin ƙarshen Afirilu turaren nan ya bushe kusan duka. Ban faɗa wa kowa ba. Na daina zuwa Orozo, ina jiran ranar da asirina zai tonu a sallame ni.

Abin da ya faru a wannan daminar, daga bakin Hansatu na ji shi, bayan shekaru. Ta ce duk Lahadi idan an tashi daga coci, Baba kan hau keke ya nufi dazukan wajen Karshi neman iri. Ya jiƙa ƙwayar ɗorawa a ruwan zafi don ta yi saurin tsira. Ya tono jema, ciyawar nan mai doguwar saiwa, ya raba ta ƙanana. Ruwan farko na sauka ya fara cire matattun itatuwana ɗaya bayan ɗaya yana maye gurbinsu. Da matan unguwa suka ga tsoho shi kaɗai a cikin taɓo, suka fito da fartanyoyinsu.

"Na tambaye shi ina ogansa," in ji Hansatu. "Ya ce oga yana da aiki da yawa a ofis. Bai taɓa faɗa mana cewa kai ka jawo ba. Mu dai muna da ido."

Da masu tantance ayyukan gidauniya suka zo bayan shekara, suka tarar da bakin kwazazzabo kore shar, ƙasa ta tsaya. Na rubuta rahoto mai shafi arba'in. Aka gayyace ni taro a Nairobi, na tsaya gaban mutanen ƙasashe da yawa ina bayanin yadda "muka gano" cewa itatuwan gida sun fi dacewa. Aka tafa mini. Daga baya abokan aikinmu na wasu ƙasashe suka riƙa rubuto mini suna neman shawara, ni kuma in kira Baba a waya in tambaye shi, in juya amsar zuwa Turanci in sa sunana. Babu sunansa ko a shafi ɗaya.

Baba, kai ne mai aikin. Kai ne ka san lokacin da kaɗanya ke zubar da 'ya'ya, ka san idan ƙwayarta ta kwana biyu a rana ba za ta tsira ba. Kai ne ka rufa wa mutumin da ya wulaƙanta ka asiri, alhali kalma ɗaya daga bakinka ta isa ta raba shi da aikinsa. Gwanin saiwa, mai haƙurin jiran damina.

Watan jiya na je Orozo don shirin bikin sallamarsa, a nan ne Hansatu ta tare ni ta ba ni labarin nan kaf, a gaban teburin tumatirinta, ba ta rage murya ba. Na wuce gidan reno. Na samu Baba zaune a kan kututture yana cika leda da ƙasa. Na tsuguna na faɗa masa komai, har maganar Nairobi.

Ya ƙarasa cika ledar da ke hannunsa, ya ajiye ta a layi.

"Na ji abin da ka gaya wa Baturiya ran nan," ya ce. "Ya yi mini ciwo, ba zan yi ƙarya ba. Na kai gida ban ci abinci ba. Amma gidan Hansatu ba ruwansa da faɗanmu."

Na tambaye shi me zan yi in gyara. Ya ce idan da gaske nake, kada in kawo ɗan'uwan wani babba daga unguwar masu kuɗi ta Maitama ya gaje shi. In miƙa wurin ga matan da suka shiga taɓo tare da shi, don sun iya.

Na rubuta wa hedikwata gaskiyar abin da ya faru, da sunansa cikakke, Abednego Zakariyya. Ban san hukuncin da za su yanke a kaina ba, har yanzu ina jiran amsa. Amma sun amince Hansatu da mata huɗu su karɓi gidan renon.

Ga 'yan'uwana masu zama a ofis, masu rubuta rahoto da hawa jirgi: kowannenmu ya san wanda gumin aikinsa ke ƙarƙashin sa hannunmu. Mu faɗi sunansa tun yana da rai yana ji. Wanda kuma ke son koyon aiki na gaskiya, Baba ya ce duk Asabar zai riƙa leƙowa gidan reno, ko da sanda ne.

Mun gode, Baba Abednego. Allah ya ba ka lafiyar gwiwa, ya sa ka huta cikin jikokinka. Ka ce ka yafe mini tun tuni. Ni ne dai har yau ban iya haɗa ido da kai ba.