Baƙuwar da Ta Iya Waƙar Kitsonmu

Tun kafin komai ya faru ni mai tsoro ce, sai dai tsoron da nake fama da shi a lokacin na baki ne. A gidanmu an taso mu da cewa baki yana kama yaro, musamman mai jiki da fara'a, yarinyar nan kuwa ta haɗa duka biyun. Ita ce ta fari, kuma har yau ita kaɗai ce. Duk ranar da na sa hotonta a shafina, sai in zauna ina bin maganganun mutane ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya ce "kai, kyakkyawa" bai haɗa da tubarkalla ba, sai in ajiye wayar. In tashi in tofe ta da addu'a, in taɓa wuyanta in ji ko da zafi. Ko atishawa ta yi sai na tuno wanda ya yabe ta jiya. A nan na tara hankalina gaba ɗaya.

A Fagge muke, gidan haya, ciki da falo. Maigida yana tsaron shagon atamfa a Kantin Kwari, in ya fita da safe sai magariba. Ni kuma shara, wanke-wanke, tarar ruwa in famfo ya ga dama, ɗora sanwa. Bayan azahar yarinyar takan bi yaran gidanmu zuwa Islamiyya a layin bayanmu, ba sa tashi sai la'asar ta yi sanyi. Wannan ɗan tsakanin shi ne nawa. Wasu matan gidan barci suke yi, wasu kallo, ni kuwa sai in jingina da bango a bakin ƙofa in ɗauki waya.

Karatuna a firamare ya tsaya. Ina rubuta magana ne yadda take fita daga bakina, ba ruwana da inda ake tsayawa. Da farko har gyara ake min, wasu da dariya. Amma a hankali mata suka taru. Ina ba su labarin tuwon da ya yi min gudaji ranar da surukata ta zo, da yadda aka ɗauke wuta na kai rabin guga, da tambayoyin yarinyar nan da ba sa ƙarewa. Wata ta taɓa rubuto min cewa tana jinyar mahaifiyarta a asibiti, shafina ne kaɗai yake sa ta dariya. Ranar har ƙwalla na yi. 'Yan uwana mata duk aure ya watsa su garuruwa, ni kaɗai na rage a Kano, to sai na ji kamar na samu wasu a cikin wayar.

Yarinyar ba ta son a taɓa mata kai. In ta ga mataji sai ta shige bayan kujera. Shi ya sa na ƙirƙiro mata wata 'yar waƙa, shirme ce kawai, ina kiranta mai kan auduga, ta taho kafin tsuntsaye su yi sheƙa a ciki. Da ta ji sai ta fito tana dariya ta zauna a gabana. Wata rana na ɗauki muryarmu muna yi tare na sa a shafin. Mutane suka yi ta sha'awa.

Cikin masu bina akwai wata da hoton fulawa a madadin fuskarta. Kusan kullum ita ce ta farkon magana, kuma ba ta taɓa yabon yarinyar ba tare da tubarkalla ba. Wannan ya sa na ji ta kwanta min. Muka fara hira ta gefe. Ta ce kwanan nan suka tare a Sabon Gari, tana neman Islamiyya mai kyau ta sa 'yarta, wacce tawa take zuwa? Na kwatanta mata tsaf: bayan masallaci mai koren fenti, in ka wuce injin markaɗe. Ta tambayi lokacin tashi, na faɗa mata. Har daɗi na ji wai na yi wa wata amfani.

Wata Talata da yamma ina tsince shinkafa sai na ji ana kwaɗa min kira daga zaure.

"Ke mai waya! Fito!"

Iya ce, mai injin markaɗen bakin layinmu. Bayarabiya ce amma a Sabon Gari aka haife ta, ta girmi mahaifiyata, kuma kaf layin ba yaron da ba ta san uwarsa ba. Mai waya take ce min, don ko markaɗe na kai kaina yana sunkuye a kanta. Abin da ya fara tsinka min zuciya shi ne ban ji ƙarar inji ba. Iya ba ta barin injinta da yamma, lokacin ne layin robobi yake kaiwa har bakin kwata. Na fito na gan ta riƙe da hannun yarinyar, zanin Iyar duk jan tattasai. Yarinyar kuma da ledar awara a ɗaya hannun, bakinta duk yaji.

"Kin aiki wata ta ɗauko miki ita?"

"Wace wata, Iya?"

"Ni kike tambaya? Ƙawarki mana. Doguwa, hijabi ruwan toka, jaka mai kyau, Hausarta har ta fi tawa daɗi."

Na ce ban aiki kowa ba.

Iya ta zauna a kan turmin da ke kife a tsakar gida ta ba ni labari. Ta ce tana cikin aiki ta ga yaran gidanmu sun wuce a gungunsu, ba ta ga tamu ba. Da ta ɗaga kai sai ta hango ta can wata mata ta nufi titi da ita, ga adaidaita sahu yana jira.

"Na kashe inji na bi su. Na ce baiwar Allah, ina zuwa da jikata? Ta juyo da fara'arta, har da rusuna min. Ta ce ai ita ƙawar mamanta ce, can Bata wajen masu takalma za su je ta saya mata takalmi su dawo yanzun nan, tunda jan takalmin nata ya tsinke."

Jan takalmin ya tsinke kuwa. A satin na rubuta labarinsa, har da hoto, yadda ta dawo gida da ƙafa ɗaya a hannu tana kuka.

"Na ce to madalla, ga gidan can, mu je ki gaisa da uwar tukuna, ta san inda 'yarta take. Ta ce ai kun yi waya. Na ce wannan da kullum tana kan waya, ai ba abin mamaki ba ne, amma dai mu je. Na kama ɗaya hannun yarinyar ban saki ba. Ta yi dariya ta ce bari ta sallami mai adaidaita. Tana shiga ya ja. Ko waige."

Na durƙusa a gaban yarinyar, na riƙe kafaɗunta.

"Me ya sa kika bi ta? Kin san ta ne?"

Ta dube ni kamar ni ce ban gane ba.

"Umma, ai Anti ta iya waƙar kitso."

Daga nan na zauna a ƙasa. Matan gidan suka fito suka kewaye mu, wannan na salati, waccan na cewa a je a kira maigida, wata ta ƙwace ledar awarar ta wurgar a kwata, yarinyar ta fashe da kuka saboda awararta. Iya ta tashi ta kaɗe zaninta.

"Bari in koma, markaɗen mutane na can ƙudaje na walima. Ke kuma mai waya, ki sha ruwa. Ga 'yarki nan a gabanki, ba abin da ya same ta."

Da maigida ya dawo na faɗa masa komai tun kafin ya cire takalmi. Da faɗa ya yi da ya fi min sauƙi. Ya ɗauki yarinyar ya ɗora a cinya, yana shafa bayanta, sannan ya ce, "Wa ya gaya mata makarantar?"

Na buɗe hirar na miƙa masa. Ya karanta har ƙarshe, ya ajiye wayar a hankali kamar mai zafi.

"Ni ina can ina gadin atamfar mutane," in ji shi, bai ƙarasa ba.

Washegari bai fita kasuwa da wuri ba. Ya je ya sami malamin makarantar da mai unguwa, aka yi magana cewa ba wanda zai ƙara tafiya da yaro sai an san shi. Wayar kuwa bai karɓe ba. Cewa ya yi ni na san abin da zan yi da ita.

Da azahar ɗin na zauna na bi shafin tun daga farko, da wani ido daban. Ga koren bangon masallaci a bayan hotonta. Ga kayan makarantarta. Ga sunan da mu kaɗai muke kiranta da shi a ɗaki, don sunan surukata gare ta, ba mai faɗar na yanka. Ga labarin cewa in dai awara ce za ta bi ka har Sabon Gari, ni na rubuta da hannuna, mutane suka yi ta dariya a ƙasa. Ba abin da matar nan ta sata. Duk a kan faranti na miƙa. Ina gogewa ina kuka, wani hoton ma ba ni da shi a ko'ina sai nan.

Ina cikin haka saƙonta ya shigo. Ta ce haba Maman yarinya, ita fa ba-zata kawai ta so yi mana, ta ga takalmin ya ba ta tausayi, amma tsohuwar nan ta kalle ta kamar ɓarauniya, wallahi ta ji ciwo. Kafin in mayar mata da amsa shafin nata ya ɓace gaba ɗaya, har fulawar.

Har yau ban san ko wace ce ba. Wani lokacin nakan ce ƙila gaskiya ta faɗa, ƙila wata ce mai zaman kaɗaici irina, wadda Allah bai ba haihuwa ba, 'yar da ta ce tana da ita ma ƙirƙira ce, ta saba da yarinyar a waya har ta ɗauka tata ce. Na faɗa wa Iya haka, ta harare ni.

"Mai kawo kyauta yana gudun ƙofar gida ne? Miƙo robarki ni dai."

Amma ko da gaskiyar ta faɗa, hankalina bai kwanta ba. Adaidaitan nan da yake jira shi ne yake tsaya min a rai. Ina wanke-wanke sai in gan shi. In da a ce Iya ta sunkuya zuba ruwa a inji a daidai lokacin fa? In na kai nan sai in ajiye kwanon in je in leƙa yarinyar, ko da na san tana ɗaki tana wasa.

Yanzu ni nake kai ta makaranta, ni nake ɗauko ta. Ɗan lokacin nan nawa na bayan azahar a kan bencin Iya yake ƙarewa, ina fuskantar layin makarantar, kunnena ya saba da ƙarar inji. Ina ɗan rubutu har yanzu, na girki da na wuta da na tsadar tumatir, amma yarinyar ta fita daga ciki. Wasu suna tambaya ina mai kan auduga, ba na amsawa.

Abin da ya fi ba ni wahala shi ne koya mata. Mu muka tarbiyyantar da ita ta gaida manya, ta durƙusa, in an ba ta abu ta karɓa da hannu biyu. Yanzu ina ce mata ko wa ya kira ta a hanya kada ta amsa, ko me aka ba ta kada ta karɓa. Ta ce, "Umma, ba ke kika ce in babba ya kira ni in ce na'am ba?" Ta ce to Antin awara fa, yaushe za ta kawo takalmin?

Kwanaki mun shiga kasuwar Sabon Gari sayen kayan miya. Muna gaban mai attaruhu sai na ji wata murya daga baya ta kira sunan nan na ɗaki, da murna, kamar ta ga 'yar ƙanwarta. Yarinyar ta juya za ta amsa. Na sure ta na saɓa a kafaɗa, na bar attaruhun a kan tebur na kutsa cikin mutane, ban tsaya ba sai da na fito titi. Na ji matar tana cewa, "Maman yarinya, ni ce fa, ina bin shafinki!" Na san kusan tabbas baiwar Allah ce mai son mu tsakani da Allah, da goyonta ma a baya. In tana karanta wannan ta yafe min. Ƙafafuna ne suka yanke hukunci kafin kaina.

A ranar na gane gogewar da na yi ba ta isa ba. Na share nawa, amma fuskarta tana cikin wayoyin da ban san adadinsu ba. Da Sallar da ta wuce na ga hotonta a shafin wata da ban sani ba, an rubuta barka da Sallah a kai.

Don haka ina roƙonku, ku da kuka taɓa bina. In akwai hotonta ko muryarta a wayarku, don Allah ku goge, kada ku tura wa kowa. In kuma kun gan mu a hanya kun gane ta, kada ku kira ta, kada ku miƙa mata komai. Ku yi min sallama ni, zan tsaya mu gaisa.