Abin da Tabki Ya Dawo Mana da Shi

Ranar da gidanmu ya faɗi, da safe na yi abin da na saba. Na ɗora 'yata Kellu a kan fo, wani ja na roba da ubanta Bukar ya sayo mata. Ba ta cika shekara biyu ba. Ta gama, na juye a salanga, na goge fon da toka, na wanke hannu da sabulu. Bukar ya hau motar Takieta. Hadari ya haɗo ta gabas, amma damina ce, ba wanda ya damu.

Gidanmu a Birni yake, a gangaren da ke kallon tabki. Tabkin nan shi ne jujin unguwa. A layinmu ba a barin yaro ya shiga salanga, kada ya faɗa rami. Sai ya tsuguna a tsakar gida, a kwashe da sakaina, a wurga ta kan katanga. Shekara da shekaru haka ake yi. In iska ta juyo, ko tuwo ba ya haɗiyuwa. Na yi ta magana har mata suka sa mini suna Madam Likita.

Ruwa ya sauko da hantsi. Kafin azahar tabki ya cika ya tsallako. Wari na fara ji kafin in ga ruwan. Ta rariya ya shigo, baƙi, da kumfa, ɗauke da tsummokaran jarirai da ƙullin leda. Kashi na yawo a tsakar gidana, yana bugun tukunyar da na dama koko. Duk abin da aka wurga, ranar ya dawo.

Ina rumbu ina ƙoƙarin ɗaga buhun gero, Kellu tana barci a ɗaki. Sai na ji wani gum, ƙasa ta girgiza. Katangar maƙwabta ce.

"Ku fito! Gini na zuwa!" wani ya yi ihu daga waje.

Inna Gaji, tsohuwa mai ƙosai da muke katanga ɗaya, ta riga ni isa ɗakin. Ta fito da Kellu a kafaɗa, ɗakin ya rufta a bayanta. Wannan zan faɗe shi a gaban kowa har in mutu.

Fon ya zo wucewa a kan ruwa, na cafke. Shi kaɗai na fita da shi. Muka bi lunguna muna laluben ƙasa da ƙafa, ruwa har ƙirji. Na kulle bakina gam, duk da haka ya shiga.

"Mata da yara gaba! Kada a tsaya!" Soji ne a bakin kwalta.

Da la'asar aka zuba mu a wata lakwal, makarantar boko, a kan tudu, gindin duwatsu. Salangar lakwal ta 'yan makaranta ce, ba ta unguwa guda ba. Washegari ta cika ta tumbatsa. Manya suka koma bayan duwatsu. Yara kuwa ko'ina: bayan aji, gindin taga, bakin ƙofa. Ƙuda ya tashi daga can ya sauka a kwano. Randar ruwa ɗaya ce, moɗa ɗaya. Uwa za ta yi wa ɗanta tsarki a gindinta, ta mayar da moɗar ciki. Na ga wannan da idona, na fita na yi amai.

Ni rami na haƙa can nesa da guntun fartanya, nan nake juye fon in rufe. Mata na dariya, wai kowa ya ceci gero, Madam Likita ta ceci fo. Ban kula su ba. Rayuwar Kellu nake tsaro.

Ranar da aka zo rabon tabarmi, na bar ta wurin Inna Gaji na shiga layi. Da na dawo, na tarar ta share wa jikanta gindi da bakin zane, ta ɗauraye yatsu da ɗan ruwa, ta tsoma su a kwaryar fura. Tana ba jikan, tana ba Kellu. Na fizge 'yata.

"Haba 'yar nan, kashin yaro ne fa, ba na babba ba. Me yake ci ban da nono da koko?"

Me zan ce wa matar da ta cire mini ɗiya daga ƙarƙashin gini? Har yau ban sani ba ko hannunta ne, ko randar, ko ƙudan. Yara sun riga sun fara kwanciya a kowane aji.

Gudawar Kellu ta fara bayan asuba, tsararo kamar ruwan wankin shinkafa. Fon bai yi amfani ba. A zanena take yi, a cinyata, a hannuna, kuma ko kaɗan ban ji ƙyama ba. Da hantsi idonta ya faɗa. Bukar, wanda ya dawo tun washegarin ruwan, ya ɗauke ta da gudu zuwa likita, ina bin sa ba takalmi. Ma'aikata suka nemi jijiyar da za su sa mata ruwa, a hannu, a ƙafa, a kai. Kafin la'asar, Kellu ta cika.

Inna Gaji ce ta yi mata wanka, tana kuka. Kafin ta taɓa gawar, ta ce a ba ta sabulu. Ta wanke hannu har gwiwa, a hankali, tsakanin yatsu. Na tsaya ina kallo.

Jikanta ma ya kwanta, amma ya warke. Mun koma Birni da kaka, mun tayar da ɗaki guda. Tabki ya janye ya koma mazauninsa. Jiya ina shanya, na ga sakaina ta tashi ta kan sabuwar katangar wani gida.

Mun rasa ɗaki biyu, da rumbu, da akuya mai ciki, da Kellu. Fon yana nan a bayan ɗaki, a wanke, a kife.