Wuƙar Maiwada a Ƙofar Gidan Thomas

Maiwada mahauci ne ɗan mahauci a Talata Mafara. A shekarun da ake aikin madatsar Bakolori, duk wanda ya ci kasuwar Talata ya san rumfarsa, ya kuma san shi da ƙarancin magana. Ƙato ne, shi kaɗai yake kayar da bijimi a kwata.

Ƙanensa Lauwali bai bi fawa ba, noma ya kama a ƙasar Maradun wajen dangin uwarsu. Da ruwa ya ci gonaki manoma suka tare hanya, yana cikinsu. Ranar da aka tarwatsa su ya tsere da rauni a cinya, ya ɓuya cikin rumbun wata innarsu a Kaya. Ban da ita da Maiwada, mutum ɗaya ne ya san wurin: Dikko dillalin shanu, abokin Maiwada tun suna yara, wanda aka aika ya kai magani.

Ba a yi mako ba wasu masu bindiga suka zo a mota, suka miƙe kai tsaye zuwa rumbun. Suka jawo Lauwali ta ƙafa, suka yi ta dukansa har ya daina kare kansa. Bai kai la'asar ba ya cika. Tsohuwar ta ce ta hangi Dikko cikin motar, ya ja rawani ya rufe baki. Dikko ya rantse yana kasuwar Damri ranar. Ba a jima ba aka gan shi bisa sabon babur.

Maiwada ne ya yi wa gawar wanka, ya ji haƙarƙarin na motsi ƙarƙashin tafinsa. Bayan an rufe shi ya koma bakin sana'arsa.

A unguwarsu akwai wani akawu, Malam Thomas, mai talabijin da yake haɗawa da batirin mota. Kowace Alhamis kafin magariba yakan fito da ita ƙofar gida, a shimfiɗa tabarmi. Wasan kwaikwayon da ake yi lokacin na wasu 'yan fashi ne biyu. Ɗaya ya tona asirin ɗan'uwansa Manu, aka ɗaure Manu, shi kuma ya gaje gidansa. Manu ya fito daga kurkuku yana nemansa da adda.

Gari ya ɗauki wasan da zafi. Tsofaffi na tsine wa maci amanar, wata rana har wani ya jefi talabijin ɗin da takalmi, Thomas ya ce in aka sake zai daina fito da ita. Maiwada bai taɓa fashin zuwa ba. Daga kwata yake tahowa, wuƙarsa cikin kube, ya zauna can baya. Dikko ma yana zuwa, gaba yake zama. In Manu ya sari wani daga yaran maci amanar, Maiwada kan koma gida ya ci tuwo sosai.

Ran da Manu ya rutsa mutuminsa cikin wani kango, 'yan kallo suka zuba ido. Mutumin ya durƙusa yana kuka. Manu ya ɗaga adda, ya daɗe a haka, sai ya yar da ita ya ce ya yafe.

Aka kaure da tsaki da zagi. Cikin hayaniyar Dikko ya juyo yana dariya, ya ce, "To mi kuke so? Abin da ya wuce ai ya wuce. Kashe wanga ba ya maido da kome."

Maiwada ya miƙe ya ratso mutane. Ya ce, "Dikko, sake faɗi in ji."

Dikko ya ga idonsa, ya yunƙura zai gudu. Maiwada ya damƙi wuyan rigarsa ya maka shi kan teburin, talabijin ta faɗi ta tarwatse. Ya danne shi da gwiwa yadda yake danne bijimi, ya zare wuƙa. Dikko ya kare maƙogwaro da hannun dama, wuƙar ta shiga daga gwiwar hannu ta tsinke jijiya, jini ya wanke tabarma. Thomas da wasu mahauta suka rufar masa kafin ya sake ɗagawa, ɗaya ya samu yanka a tafi.

Dikko ya rayu, hannun dai ya shanye. Aka ɗaure Maiwada.

Thomas ya ba da shaida kan abin da ya gani bai rage kome ba, daga baya kuma ya je duba Maiwada gidan yari. Bayan sun gama gaisawa ya ce, "Ka san wasan bai ƙare nan ba? Dabara ce Manu ya yi don mutumin ya kai shi wurin sauran. Mako na gaba ya kashe shi."

Maiwada ya ce, "Da mi ya kashe shi?"

"An ce da hannu. Ni ban gani ba."

Da Maiwada ya fito daga gidan yari ya tarar an ba wani rumfarsa. Ya kwashe iyalinsa ya koma Bakura yana gasa tsire bakin tasha, ya haɗa da 'ya'yan Lauwali ya riƙe har ya aurar da su. A can ya tsufa, a can aka rufe shi.