Abincin Inna Sauda a Addis

Duk wanda ya san kasuwar Achida ya san Inna Sauda mai tafarnuwa. Shekara talatin tana saro ta daga fadamar Wurno, kuma ba direban da ke wuce rumfarta ba ta tsare shi da fura ba. Mace ce mai baki da dariya. Ni kaɗai ba ta yi wa, don ni ke auren ɗiyarta Sharifa. Shekara goma sha biyu gaisuwa ce kawai tsakaninmu, ni a durƙushe, ita tana kallon bango. Ko ruwa ba ta taɓa sha a gabana ba.

Bara 'ya'yanta sunka biya mata Umra, anka ce ni zan raka ta, tunda ni malamin makaranta ne, ina jin Turanci. Da safe munka sauka Addis Ababa, anka ce jirgin Madina sai bayan awa tara.

Inna na da ciwon suga. Sharifa ta ja mani kunne: in ba ta ci abinci da rana ba, faɗuwa za ta yi. Azahar ta wuce, na ga hannunta na rawa bisa carbi.

"Inna, a je a ci abinci."

"Na ƙoshi, Malam."

Ƙoshin mi? Tun Abuja shayi kaɗai ta kurɓa, shi ma sai da na yi kamar ina barci. Raina ya ɓaci, tsoro kuma ya kama ni. Barinta ita kaɗai don ta ci ba ya yiwuwa, ba ta jin yarensu, kuma jiri ya fara ɗibarta.

Na lallaɓa ta munka shiga wani gidan abinci mai tebura da farin ƙyalle. Na roƙi ma'aikaciyar ta ba mu tebur biyu, na juya kujerata, bayana na kallon bayan Inna. Matar ta tambaye ni a hankali ko faɗa munka yi. Na ce a'a, girmamawa ce. Ta kawo mana shinkafa da gasasshen kifi.

Can sai na ji ƙarar cokali. Ban san sa'ad da na yi hamdala ba.

"Malam," in ji Inna daga bayana, "wanga kifi bai kai na Goronyo ba, amma ya yi ƙoƙari."

Daga nan baki ya buɗe. Ta ba ni labarin ranar da jakinta ya kwanta tsakiyar gulbi da buhu biyu, da yadda Sharifa ke satar ƙuli tana ƙarama. Na yi dariya har na ƙware.

Ina ɗaga kai in sha ruwa, sai na ga ashe ginshiƙin da ke gefenmu madubi ne tun daga ƙasa har sama. Ga Inna ɓaro-ɓaro, ta aje cokali, tana gyaran ƙaya da hannu. Idonmu ya haɗu. Na ce a raina shi ke nan, ta bar cin.

Ta ja mayafi ta rufe baki, kafaɗunta na girgiza. Da ta gama dariyar ta share ido, ta kai loma.

"Tun ɗazu nike kallonka, kana ci kamar ana korarka," ta ce. "Juyo da kujerar, ɗana. Kawo in cire maka ƙayar."