Baƙon da Ba Ya Cin Tuwo

A gidanmu na Jugu, murhun Iya ne yake ƙarshen mutuwa. Iya kakata ce ta wajen uba. Idan an idar da sallar magariba an ci tuwo, sauran matan gida kan yayyafa wa wutarsu ruwa, ita kuwa sai ta tura ɓarin doya cikin garwashi, ta zauna a kujerarta 'yar tsugunno, carbi naɗe a hannu. Mu jikoki mu kewaye ta, rabin hankalinmu a bakinta, rabi a kan doyar.

"Ku matso," in ji ta, "na tsinci wata tatsuniya a hanyar rijiya, ko ƙasar jikinta ban karkaɗe ba. Ke Hadiza, ɗauke idonki daga doyata, ba gadonki ba ce."

Ta ba mu tatsuniyoyi da yawa, amma akwai ɗaya da ta fi maimaitawa, ta wata tsohuwa mai zama ita kaɗai a bakin gari. Wata rana da damina, ruwa ya koro wani zomo har cikin ɗakinta, jiƙe sharkaf. Tsohuwa ta goge shi da gefen zanenta, ta ce Allah ya kawo mata baƙo. Ta tuƙa tuwo mai laushi, ta dama fura da nono, ta ɗauko zumar da ta ɓoye don salla. Zomo ya ci don kunya, kashegari ma ya ci. Haka har wata biyu, haƙoransa suna ta tsawo, suka fito waje suka sarƙe, bakin ya ƙi rufuwa.

Sai ga wani Bafulatani ya biyo da shanunsa, ya roƙi ruwan sha. Ya dubi zomo ya ce, "Inna, haƙorin wannan ba ya daina tsiro. Ciyawa ce dutsen washinsa. Ki ba shi ciyawa."

A nan Iya takan ƙanƙance murya, ta dafe ƙirji kamar tsohuwar. "Baƙon nawa? In ajiye masa abincin jaki, ni ina cin tuwo a gabansa? Me zan ce wa Ubangijina?"

Tsohuwa ta ƙara wa furar nono. Zomo ya mutu da yunwa, ga ƙorai bakwai jere a gabansa, kowace cike.

Mu dai dariya muke yi wa wautar tsohuwar. Iya ta ciro doya, ta kankare baƙin da wuƙa, ta rarraba mana. "Kowa da kiwon da ya karɓe shi," in ji ta. "Nan na ajiye ta. Ku ci ku ba ni wuri."

Aure ya kawo ni Paraku, unguwar Zongo. Maigidana fataucin dabbobi yake yi, yakan bi kasuwannin Borgu sati biyu ban gan shi ba. 'Ya'ya suka girma suka watse, saura autata Rahina. Bara ita ma ta sami karatun ungozoma a Kutunu. Ana gobe za ta tafi, ta sauko daga zemijan, babur ɗin haya, da kwali a hannu, ta ce daga kasuwar Arzeke take. Na buɗe, sai ga farin zomo mai baƙin kunne ɗaya.

"Mama, ga wanda zai riƙa jin faɗanki," in ji ta. "Shi ba ya mayar da magana."

Bayan tafiyarta gidan ya yi mini faɗi. Hannuna ya saba auna shinkafar mutum shida, kullum sai abinci ya ragu a tukunya. Da safe in jiƙa wa zomo burodi a shayi. Da rana in ɗiba masa shinkafa, da yamma ƙosai ko lomar tuwo, ga karoti, wato karas, ba adadi. Yana ci, ina yi masa hira. Ban taɓa kai loma bakina ba sai na gutsura masa tukuna.

A wata na biyu ya daina zuwa idan na kira shi. Ya takure a lungu, haɓarsa jiƙe da yawu, cikinsa a kumbure. 'Yan ƙwallayen kashinsa suka ƙanƙance, daga baya na share kejin ban ga ko ɗaya ba. Na naɗe shi a mayafi na hau zemijan zuwa wurin likitan dabbobi, ina salati har muka isa.

Likita ya latsa cikin, ya buɗe bakin ya duba. "Hajiya, me yake ci?"

"Duk abin da na ci, likita. Ban taɓa hana shi komai ba."

"Ai shi ne ciwon," in ji shi. "Hanjinsa ya tsaya, haƙoran sun fara wuce wuri. Busasshiyar ciyawa ce abincinsa, kada ta yanke a gabansa, da ruwa mai tsabta. Ɗanyen ganye cikin tafin hannu, a wanke, a fara kaɗan-kaɗan. Karoti kuwa alewa ce a wurinsa, yanki ɗaya wata rana. Abin tukunya, ko ɗanɗane."

Ya rage haƙoran, ya ba ni magani da sirinji, ya ce sauran na Allah ne. Ina shigowa gida idona ya faɗa kan dammunan ciyawar da maigida ya tara a zaure don ragunansa. Wata biyu ina wuce su safe da yamma. Na tsaya riƙe da zomo, muryar Iya ta dawo mini ɗungurungum, har da dafe ƙirjin.

Kwana uku ina ɗura masa ruwa da niƙaƙƙiyar ciyawa. Ban gaya wa Rahina ba. Idan ta kira ta tambaye shi, sai in ce yana nan. A rana ta huɗu, bayan sallar asuba, na ga ƙwallaye biyar a kusurwar keji. Ban taɓa zaton zan yi wa Allah godiya a kan kashin zomo ba, amma na yi, da hawaye.

Yanzu na daina yi wa tsohuwar nan dariya. Ta ji maganar Bafulatanin sarai. Abin da take nema shi ne wanda zai ci abin da hannunta ya dafa, ciyawa kuwa ba a dafa ta. Sai bana kuma na lura da abin da ƙuruciya ta rufe mini: Kakanmu ya rasu tun kafin a haife ni, Iya kuma ita kaɗai take cin tuwonta a ɗaki, ta fito da kwano rabi ba a taɓa ba. Allah ya jiƙanta, ya sa tana cikin taron 'yan Aljanna.

Zomo ya murmure, har ya yi ƙiba. Da yamma nakan shimfiɗa tabarma kusa da kejinsa, ni da kwanona, shi da ciyawarsa, ba abin da ake ji a gidan sai ƙurus-ƙurus ɗin haƙoransa. Har yau hannuna yakan gutsuro loma ya nufi wajensa. Sai in tsayar da shi a hanya, in yi bisimilla, in mayar bakina.